Ciyayyar Magaza

Jama'ar da ke biye da ni, sannunku da haƙuri. Wata 'yar'uwa ta rubuto wai ina ba da labarin kaina kamar ina ba da na maƙwabciya, ko hawaye ba ta taɓa jin na ambata ba. Haka Allah Ya yi ni, 'yar'uwa. Ko allura ake yi mini, fuskar mai yin allurar nake kallo.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Raliya, na kusa talatin, ina aiki a wani proje na tallafa wa manoma a Gidan Rumji. Ni ke zagaya ƙauyuka ina zama da matan da ke riƙe da bankunan hatsi. Ban yi aure ba. Abin da nake gaya wa mutane shi ne lokaci bai yi ba. Dalilin gaskiya kuwa malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Gidan Sori, baƙa mai wushirya, sunanta Basira, wadda a salulata na rubuta ta “Madam Lakol”. Ita nake so, ita ma ni take so. Mai wa'azi ya yi, ina karantawa, sunayen dai duk na canza su.

Abin da zan ba ku yau ya faru ne shekarar da sojoji ke riƙe da mulki suna alkawarin mayar wa farar hula, ana ta shirin ƙuri'ar sabon tsarin mulki. A shekarar kowa ya zama ɗan ƙungiya. Masu amalanke sun kafa tasu, masu sayar da katin waya sun kafa, har masu gadi suna da shugaba da mataimakinsa. Kordinatenmu, wato shugaban buron, ofishin namu ke nan, duk taron safiyar Litinin sai ya ce, “Yanzu zamanin 'yanci ne, kowa shi hwaɗi abin da ke ranshi.” Mukan gyaɗa kai. Ban ga wanda ya gwada ba.

A buronmu ciyayya ake yi. In an tashi hutun rana kowa ya fito da kwanon da ya zo da shi daga gida, a haɗa a ci tare. Maza a ƙarƙashin dogonyaron bakin ƙofa, mata a barandar sakatariya. Wanda ake sa hannu a kwano ɗaya da shi na mutane ne, wanda ba a sawa kuma ya san matsayinsa.

Barmo shi ke riƙe da makullin magaza, babban ɗakin da ake jibge iri da buhunan hatsi a bayan buro. Siriri ne, tsaf-tsaf, duk ƙurar buhu ba ka ganin shaddarsa a yamutse. A hankali yake magana, kullum hannuwansa a harɗe a baya. Yana da tsohuwa makauniya da ya ɗauko daga ƙauye, su biyu suke haya a gidan wani liman.

Wata ranar kasuwar Cadakori muka je kai iri, ni da shi da Hamisu direba. Mun tsaya sayen abinci, sai wani ɗan daudu mai tuyar waina ya hango Barmo, ya saki cokali ya buga shewa.

“Ayyiriri! Ƙawata, ashe kina duniya?”

Barmo ya ce, “Malam, ka yi makuwa, ba ni ba ne.”

Amma kafin ya faɗi haka hannunsa ɗaya ya riga ya tashi zai tafa, ya mayar da shi baya da sauri. Na gani. Hamisu ma ya gani, don har muka dawo yana fito yana kallonsa ta madubi.

Ba wanda ya kori Barmo daga gindin dogonyaro. Kawai dai in ya sa hannu a kwano sai wannan ya ce ya ƙoshi, wancan ya tuna bai yi alwala ba. Da ya ga haka sai ya koma cin nasa a magaza, shi da ɓeraye. Yaran unguwa suka fara yi masa waƙa in zai wuce. Mun taɓa ganin irin wannan a garin, wani tela da aka fara da waƙa aka ƙare da jifa, ya bar kekensa ya gudu.

Na daɗe ina kallo ban yi komai ba. Ina barandar mata ana zancen ankon bikin wance da kuɗin leshi, ina hango ƙofar magaza a rufe. Ba tausayi ya fara kama ni ba, lissafi ne: yau shi, gobe in salulata ta faɗa hannun wata, ni. Wata Alhamis na ɗauki kwanon dambuna na ratsa tsakar buron, ido na bina, na ƙwanƙwasa.

Ya buɗe yana goge baki. “Madam Raliya, wani abu za a hidda?”

“Hannu za ka wanke.”

Ya dubi kwanon, ya dubi bayana. “Kin san abin da za a ce?”

“Na sani.”

“To mi ya kai ki?”

“Zancen anko ke sa mini ciwon kai.”

Muka ci tare. Alhamis ta zagayo na sake zuwa, ya shimfiɗa mini buhun da babu komai ciki. Sai da muka saba sannan wata rana, ina tsince ƙashin kifi, na ce masa ni ma ina da wadda nake zuwa gani Gidan Sori, kuma ba koyon karatu ke kai ni ba.

Ya tsaya da loma a hannu. Sai hannuwan nan da yake ɗaurewa a baya suka kwance, ya dafe ƙirji, ya karya wuya.

“Ke ƙawata! Ke! Duk wanga ɗaure huska ashe…”

Dariya ya fara, ta rikiɗe masa kuka. Na miƙa masa buta ya wanke fuska, muka ƙarasa dambun.

Mansura sakatariya ce ta biyo baya. Matar aure ce da 'ya'ya, kullum cikin dogon hijabi mai ruwan toka. Ta shigo da kwanon awara ta zauna ta ce, “Ni ban ce komi ba, kuma kada a tambaye ni.” Ba mu tambaye ta ba. Sai Iro, direbanmu na biyu, ƙato mai gemu wanda ban taɓa jin ya yi jimla biyu a jere ba. Ya tsaya bakin ƙofa da ƙullin tsire ya ce, “Akwai wuri?” Barmo ya kusa shaƙewa.

Haka ciyayyar magaza ta fara. Barmo ya so a yi mata suna da shugaba kamar ta kowa, har yana cewa shi ne mai kula da walwala. Mansura ta ce ranar da aka raɗa mata suna ranar za ta daina zuwa. Doka ɗaya muka yi, abin da aka faɗa a bakin kwano ba ya fita ƙofa.

Kada ku ɗauka wani babban abu muke yi. Mansura ke tsara wa zai bi wace mota, sai ta daina haɗa Barmo da Hamisu. Iro ya riƙa sauke shi gida a moto, wato babur, yara suka ga gemun nan suka haɗiye waƙarsu. Mukan gwada wa juna amsar da za a ba mai tambayar “yaushe za mu sha biki”. Wani lokaci Iro ya zauna har a tashi bai ce uffan ba, amma in zai fita sai ya ce, “Yau na yi numhwashi.” Ni kaina sai na ga ina jiran Alhamis fiye da ranar albashi.

A gida kuwa zancen ɗaya ne. Tun rasuwar Baba, Kawu Mudi, yayan Innata, shi ke da magana a kanmu. Ƙannena mata duk suna ɗakunansu, ta ƙarshen ma da goyo. Sai ga Abdurrahaman, mai sayen wake yana kaiwa Jibiya, matarsa ta rasu bara waccan ba su haihu ba. Dogo ne mai fara'a, yana son farar shadda da hula zanna, turarensa na riga shi shiga zaure. Yakan kawo wa Inna man zafi na gwiwa, ya durƙusa ya gaishe ta har sai ta ce ya isa. Kullum da hantsi saƙonsa na shigowa:

“Gimbiya, an tashi lahiya? Allah Shi ba da sa'ar aiki.”

In amsa, “Amin, na gode.”

Ba ni da laifin da zan ɗora masa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ce masa ina son in ƙara karatu, ya ce zai biya. Na ce ba zan bar aiki ba, ya ce wa ya ce in bari. Na ce ban iya tuwo ba, ya ce shi ma fura ya fi so. Kawu ya ce in ban kawo dalili ba kafin a gama girbi, zai karɓi gaisuwarsu.

Kun san ba a kai kaya sai an yi bincike. Danginsa suka turo gwaggonsa, Hajiya Yelwa, wata gajeriyar tsohuwa mai haƙorin Makka wadda aka ce ko kaza za ta saya sai ta tambayi uwarta. Ba ta je unguwa ba, don ta san maƙwabta ba sa faɗin gaskiya in aure ake nema. Buro ta zo, wai tana tambayar yadda ake samun irin wake. Kuma ranar Alhamis, da hutun rana.

Ranar Iro ya tafi ƙauye, Mansura kuma kordinate ya riƙe ta da bugun takardu. Mu biyu ne. Mun gama ci, na yi ƙorafin akwai sunan 'yar ƙanwata ranar Asabar, ga sabuwar atamfa na ɗinka amma ɗaurin kallabi ya gagare ni.

Barmo ya ce, “Wanga abin da kike ɗorawa bisa kai ai gammo ne. Zauna nan.”

Na zauna kan buhun gero, takalmana a gefe, mayafina a kan sikeli. Ya zare kallabin, ya tsaya a gabana yana naɗawa yana karyawa, yana riƙe haɓata yana juya fuskata ya ga ko ya zauna. Wallahi ban taɓa ganin mai ɗauri kamarsa ba. Muna cikin dariya aka turo ƙofa. Mun manta sakata.

Hajiya Yelwa ce, Hamisu a bayanta yana leƙe ta saman kanta, shi ya nuna mata hanya.

Ta ga mace ba mayafi, ba takalmi, kai rabi a buɗe, namiji riƙe da haɓarta a ɗaki rufe. Ta ce, “Inna lillahi.” Ta ja ƙofar ta rufe mana da kanta, kamar mai neman gafarar katse mu.

Barmo ya zube kan buhu. “Na mutu. Sun ga ina ɗauri.”

Ni ma abin da na zata ke nan. Ashe ba wanda ya ga ɗauri. Ba ta taɓa zuwa ran Hajiya Yelwa ba cewa namiji zai kama kan mace don ya gyara mata kallabi, Hamisu ma da ya fi kowa zargi bai kawo haka ba. Kafin la'asar labari ya gama buro, kafin magariba ya gama gari: Raliya da mai magaza. Har aka samu masu cewa dama sun daɗe da lura, Mansura da Iro 'yan gadin ƙofa ne.

Da na koma gida na tarar Inna na zaune bakin murhu wutar ta mutu ba ta sani ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce abincina na cikin kwando. Kawu ya aiko a gaya mini kada in kuskura ya gan ni sai ya neme ni. Matan barandar buro suka koma gaishe ni da ka. Saƙon hantsi na Abdurrahaman ya tsaya. Na Basira ne ya shigo:

“An ce kin yi saurayi cikin buhunan gero. In kawo gudummawa?”

Na rubuta, “Kawo tsintsiya.”

“Ban da wasa, Rali. Lahiya kike?”

“Ina cin abinci ina barci.”

“Shi ne abin da ke ba ni tsoro gare ki.”

Abin mamakin yana wajen Barmo. Washegari yana shigowa Hamisu ya tare shi da hannu biyu, yana dukan kafaɗarsa.

“Shege mutumina! Ashe damisa ne muna ɗaukarka mage! Ka yahe mu, wallahi mun ɗauki alhakinka.”

Da rana suka jawo shi gindin dogonyaro, aka buɗa masa wuri a tsakiya. Yaran unguwa suka canza waƙa. Limamin da yake haya a gidansa, wanda aka ce ya fara zancen yana son ɗakinsa, ya kira shi ya yi masa nasiha a kan zina, ya ce in da gaske yake ya je ya nemi aurena, shi zai shige masa gaba. Sunana ya ɓaci, nasa ya gyaru, duk da ƙarya guda.

Alhamis ta zo muka zauna mu uku. Mansura ta ce mu bar ƙofa a buɗe, muka bari. Daga inda nake ina hango Barmo cikin maza, yana dariya da muryar da ba tasa ba. Iro bai taɓa tsirensa ba. Sai da aka watse aka tafi salla sannan Barmo ya shigo, ya tsaya jikin sikeli, hannuwa a baya.

“Ƙawata, naman da Hamisu ke turo mini ba shi wucewa maƙogwarona. Ni zan tahi wurin kawunki in hwaɗa mishi ko mi nike.”

Na ce, “Sai kuma mi?”

“Sai a wanke ki.”

“Kai kuma a kore ka, liman shi watso kayanku waje. Tsohuwarka ina za ka kai ta?”



Mansura ta ce, “In anka gane kai, tambaya ta gaba ita ce mi muke yi nan mu ukun. Ina da ɗiya, Barmo.”

Na ce masa ya koma ya ci namansa. Magana ce, za ta yi kwanakinta ta wuce, wata ta taso. Kuma tunda na yi muku alkawarin gaskiya, bari in faɗa: a ƙasan raina har wani sauƙi nake ji. Na ɗauka Abdurrahaman ya tafi ke nan ba tare da na ce masa ba na so ba, kuma ba wanda zai sake sallama a zaurenmu nan kusa.

Ban san mutumin ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci saƙonsa ya shigo.

“Gimbiya, ki yahe shiruna. Ban yarda da zancen ba ko na minti ɗaya. Maradi na tahi.”

Kafin in amsa ya kira. Muryarsa cike da murna kamar wanda wake ya yi wa tsada a hannu. Ya ce ya bi tashar da Barmo ya zauna kafin ya zo Gidan Rumji, ya tambayi masu abinci, ya samo har sunan matan da ake kiransa da shi a can. Ya samo wani dattijo ɗan kamasho da ya yarda ya zo ya ba da shaida.

“Wanga mutum ba shi da abin da zai yi da mace, Raliya. Tausayinki ne ya ja miki, na san halinki. Yau da la'asar zan zo in hwaɗa gaban Kawu, Litinin in tahi wurin kordinatenku. Sai kowa ya san ko wane ne, a bar sunanki ya huta.”

Na ce, “Abdurrahaman, ka bar maganar nan.”

“Ai tarbiyyarki ke nan, kina rufa wa wanda ya ja miki asiri. Ni ba ni bari.”

Ya kashe. Na zauna bakin gado ina kallon atamfar sunan da ban je ba, rataye a ƙusa. Mutumin nan ya bar kasuwarsa ya ƙona mansa ya yi yawo a tasha don ya wanke ni. Ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan wahalar. Kuma in ya buɗe baki, Barmo ya ƙare a garin nan, mu kuma a biyo ta kanmu ɗaya bayan ɗaya.

Na rubuta wa Basira abin da ke nan. Ta amsa nan take.

“Mi za ki yi?”

“Ban sani ba tukuna.”

“Kin sani. Don Allah kada ki yi abin da ba shi gyaruwa.”

Na kife salular. Na yi wanka, na sa doguwar riga baƙa, na yafa babban mayafi har goshi. Ban shafa ko kwalli ba.

Bayan la'asar aka kira ni tsakar gida. Kawu Mudi na kan kujerar roba da carbi, babbar rigarsa ta Juma'a ba a cire ba. Inna na kan tabarma jikin rumbu tana tsinkar zogale a faranti. Abdurrahaman na durƙushe gefe, farar shadda, hula a gwiwa, ya dube ni ya yi ɗan murmushi na “kwantar da hankalinki”. Na zauna nesa da kowa.

Kawu ya ce, “Yaron ga ya ce shina da magana wadda za ta wanke ki. Allah Shi sa. Bismilla.”

Abdurrahaman ya gyara murya. “Kawu, shi wanga Barmo da ake magana, na yi bincike a kanshi. Abin da na gano, da nauyi a baki, amma…”

Na ce, “Kawu, kada a wahal da shi. Abin da Hajiya ta gani gaskiya ne.”

Carbin ya tsaya.

“Mi kinka ce?”

“Ni da Barmo muna tare. Ni ke zuwa wurinshi, ba shi ke kirana ba.”

Abdurrahaman ya miƙe tsaye, ya manta a gaban wa yake. “Ƙarya ne! Kawu, wallahi kare shi takai. Mutumin ga ba namiji ba ne, ina da mai shaida, ba shi iya…”

Na ɗago na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

“Mai shaidarka a tasha ya san shi. Ni a ɗaki na san shi. Wa ya hi wani sani?”

Jama'a, na san abin da na faɗa, kuma na san a gaban wa na faɗa. Babu 'yar da ke furta irin wannan a gaban kawunta ta sake zama abin da take. Shi ya sa ma na zaɓe ta, don ba wanda zai yarda mace ta ɗora wa kanta wannan alhali ba ta yi ba. Duk shaidar da Abdurrahaman ya ɗauko daga Maradi ta zama maganar mai kishi.

 Idonsa ya kawo ruwa. Na ji tausayinsa sosai, har cikin ƙirjina, don bai cancanci haka daga gare ni ba. Ya sa hularsa a karkace, ya ce wa Inna, “A gahwarce ni,” ya fita. Na ji motonsa ya ƙi tashi, ya yi ta bugawa, daga baya ya tura shi da ƙafa.

Kawu bai zage ni ba, na so ma ya zaga. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce da Inna, ba da ni ba, “Ki hwaɗa mata shi mai magazan shi turo magabatanshi kahin Juma'a mai zuwa. In bai turo ba, ni babu ruwana da ita har in mutu.” Ya bi ta gabana ya janye gefen rigarsa kada ta taɓa ni.

Muka rage ni da Inna. Kaji na tsattsagar ganyen da ya zuba. Ina jira ta fasa kuka ko ta ɗauko muciya, na shirya wa kowanne. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta har ta gama reshen da ke hannunta, ta ɗauki wani.

“Raliya.”

“Na'am, Inna.”

“Matso.”

Na matsa bakin tabarmar. Ba ta dube ni ba. Ta yi ƙasa da murya yadda ko kajin ba za su ji ba.

“Kawunki ya yarda, yaron ga ma zai yarda. Ni kau na san ƙarya kinka yi.”

Na buɗe baki ta ɗaga mini hannu, yatsunta duk koren ganye.

“Kada ki rantse. Tun kina lakol nike kallon inda idonki ke zuwa, bai taɓa bin ɗa namiji ba.” Ta share fuska da bakin zanenta. “Da Hajiya Yelwa ta zo da zancen ga, Allah Shi yahe mini, sai da na shiga ɗaki na roƙi Allah Shi sa gaskiya ne.”